Fankar iska a kan rufin gida: Za ta iya haskaka ƙauyukan arewacin Kano?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ƙaramin janaretan da ake kunna fitila da cajin waya da shi ya koma kayan ajiya a gidaje da yawa na Dambatta da Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa. Litar man da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 1,000 kafin ƙarshen 2024.

Wutar kamfanin KEDCO kuwa, ƙauyen da falwaya ta kai ma sai ya yi kwanaki bai gan ta ba. A watan Oktoban 2024 kusan dukkan Arewa ta shafe sama da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, sannan na Ugwuaji zuwa Apir ya faɗi. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2021 cewa 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da wutar lantarki, kuma akasarinsu mutanen karkara ne.

A irin wannan hali ne bidiyoyin ƙananan injinan iska suka cika Facebook da TikTok. Za ka ga fanka mai fukafukai uku ko biyar tana juyawa a kan rufi, an rubuta watt 400 ko 1,000 ko ma 3,000 a jikinta, mai talla yana cewa wuta kyauta dare da rana, babu mai, babu jiran rana ta fito.

Ga magidancin da ya sayar da buhunan gero ko ɗan bijiminsa don ya haskaka gidansa, wannan ba ƙaramar shawara ba ce. Idan ya dace, ya huta da sayen batirin tocila. Idan bai dace ba, kuɗin noman shekara ya tafi da iska. Saboda haka ya kamata a zauna a yi lissafi kafin a kai hannu aljihu.

Lambar da ke jikin kwali

Aikin injin ba shi da wuyar fahimta. Iska na juya fukafukai, fukafukan na juya maganaɗisu a kusa da naɗaɗɗiyar wayar tagulla, sai wuta ta fito. Wutar na bi ta kwantirola ta shiga batir, daga nan a kunna fitilu, ko a bi ta inbata idan ana son kunna talabijin da firji.

Inda gizo ke saƙar shi ne alaƙar gudun iska da yawan wutar da ake samu. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, wutar na ninkawa sau takwas. Idan ya ninka sau uku, wutar na ninkawa sau 27. Haka nan idan aka juya lissafin: iska ta ragu kaɗan, wuta ta zube warwas.

Yawancin masu ƙera ƙananan injinan suna rubuta ƙarfin da injin ke bayarwa ne a lokacin da iska ke gudun mita 11 zuwa 13 a sakan ɗaya. Mita 12 a sakan daidai yake da kusan kilomita 43 a awa, wato iskar da ke bugun fuskar mai babur idan ya ɗan sake hannu a kan titin Kano zuwa Daura. A ƙasarmu ba a cika ganin irin wannan iska ba sai hadari ya taso.

Mu ɗauki injin da aka rubuta masa watt 400 a gudun mita 12. Idan iska ta koma mita 4 a sakan, sai a raba 400 gida 27. Abin da ya rage bai wuce watt 15 ba, wato ƙwan fitila uku na zamani masu watt biyar-biyar. Idan kuma iskar ta sauka ƙasa da mita 3, yawancin injinan ba sa tura komai cikin batir, ko da ido na ganin fukafukan suna juyawa.

Akwai wata hanyar gane ƙaryar talla, ita ce faɗin da'irar da fukafukan ke zagayawa. Injin da faɗinsa mita 1.2 ne, duk ƙarfin iskar da ke ratsa shi a gudun mita 12 bai wuce watt 1,100 da 'yan kai ba. Wani masanin Jamus, Albert Betz, ya nuna tun 1919 cewa babu injin da zai iya kama fiye da kashi 59 cikin 100 na ƙarfin iskar da ta ratsa shi. Ƙananan injina kuwa da kyar suke kama kashi 30. Ke nan duk wanda ya nuna maka fanka mai faɗin hannuwanka biyu a miƙe ya ce watt 3,000 ce, lambar a jikin kwali kawai take.

Nawa ne gudun iskar arewacin Kano?

Kowa ya san Arewa ta fi Kudu iska. Amma abin da injin ke ci da shi shi ne matsakaicin gudun iska na tsawon shekara, a daidai tsayin da aka kafa shi.

A 2005 wani kamfanin Jamus mai suna Lahmeyer International ya kammala aikin auna iska a wurare goma na Najeriya da Gwamnatin Tarayya ta ba shi. A tsayin mita 30, yawancin wuraren sun nuna matsakaicin gudu tsakanin mita 4 zuwa 5 da ɗoriya a sakan, kuma babu inda ya kai mita 6. Yankin Sakkwato da tsaunukan Jos su ne a sama.

A lura cewa a tsayin mita 30 aka yi wannan awo, kimanin tsayin bene mai hawa tara ko goma. Iska na rage gudu ne yayin da take kusantar ƙasa, saboda gogayya da gidaje da shuke-shuke. A ƙasa mai bishiyoyi, iskar da ke gudun mita 4 da rabi a can sama tana iya komawa kusan mita 3 a daidai rufin gida. Bisa lissafin da muka yi a baya, wannan ragin kaɗai ya cinye fiye da kashi biyu cikin uku na wutar.

Sannan iskar ba ɗaya take ba a tsawon shekara. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas na kaɗawa sosai, tana ɗauko ƙurar kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Wannan ne lokacin da injin zai fi yin aiki, kuma lokacin ne hazo ke rage wa faifan sola ƙarfi. Da bazara akwai guguwa mai tasowa ta wuce cikin mintuna. Farkon damina akwai iskar da ke gaban hadari, wadda ke yaye kwanon rufi duk shekara. Irin wannan iska ba ta cika batir, ƙarshenta ma ta karya fukafukai. Zuwa ƙarshen damina da farkon kaka kuwa, sai a yi kwanaki ganye bai motsa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi dare, wanda shi ne babban abin da masu talla ke jan hankali da shi. A yankin Sahel, idan rana ta faɗi ƙasa ta yi sanyi, iskar da ke kusa da ƙasa kan kwanta, mai ƙarfin ta koma can sama, ɗaruruwan mitoci. Sai da hantsi, bayan rana ta ɗumama ƙasa, take saukowa. Duk wadda ta saba sheƙar hatsi ta san lokacin da iska ke zuwa. Ma'ana, ƙaramin injin da ke kan gajeren turke zai fi juyawa ne a lokacin da sola ma ke aiki, ya yi shiru a lokacin da aka fi son sa.

Bishiyoyin gona da rabon gado

Ƙasar da ta kewaye birnin Kano tana daga cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Afirka ta Yamma. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru tun daga shekarun 1960 yana nazarin yadda manoman wannan yanki ke noma gona ɗaya duk shekara ba hutu, ba tare da ta mutu ba. Cikin abubuwan da ya nuna har da yadda suke riƙe bishiyoyi a tsakiyar gonaki, kowace da mai ita.

Wanda ya bi hanyar Bichi ko Minjibir ko Gabasawa ya ga wannan da idonsa: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya, mangwaro, ga darbejiya a ƙofar kusan kowane gida. Da yawansu suna kai mita 15 zuwa 20.

Kowace bishiya na karya iska, tana kuma hautsina ta. Iskar da ta ratso bishiyoyi ba ta zuwa a miƙe, tana zuwa ne tana juyi, ta bugo ta nan ta bugo ta can. Injin da ke cikin irin wannan iska sai ya yi ta waige-waige, wutar ta ragu, boris ya ci da wuri.

Shi ya sa masu wannan sana'a suke da ƙa'ida: ƙasan fukafukan ya ɗara duk wani abu da ke cikin tazarar mita 100 zuwa 150 da aƙalla mita 9. Idan tsamiyar maƙwabcinka mita 15 ce, kana buƙatar turke mai tsayin mita 25 ko fiye.

Turke irin wannan ba bututun ruwa ba ne da za a ɗaure a jikin katanga. Yana buƙatar ƙarfe mai kauri, da tushe na kankare, da wayoyin ɗauri ta fuskoki huɗu, kowace ta yi nisan kusan rabin tsayin turken. Yana buƙatar filin da za a kwantar da shi idan za a yi gyara, da wayar da za ta kai tsawa cikin ƙasa. Sau da yawa kuɗin turken ya fi na injin.

Filin ma abin dubawa ne. A yankin da rabon gado ya yayyanka gonaki, gidaje kuma suna manne da juna, wayar ɗaurin mutum na iya faɗawa cikin gonar ɗan'uwansa, inda garmar shanu ke wucewa. Idan turken ya faɗi da hadari, a kan ɗakin wani zai sauka. Wannan magana ce da za ta kai gaban mai unguwa.

Wani zai ce to a sare bishiyoyin mana. Wannan shi ne a sayar da akuya a sayi igiya. Gawo na zubar da ganye da damina ya taki gona, ya ciyar da dabbobi da rani. Ɗorawa ce daddawa, kuka ce miya. Gwamnati da kanta ta dasa layukan bishiyar turare a Yambawa kusa da Dambatta domin su tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shukar gero, kuma wannan manufar ce ke bayan shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi ta Afirka da ya ratsa arewacin jihar. Wato an daɗe ana kashe kuɗi don a rage wa iskar wannan yanki ƙarfi a kusa da ƙasa, saboda cikin mutane ya dogara da hakan.

A kan rufi fa?

Hoton da ya fi yawo shi ne na fankar da aka ɗaura a kan rufi. An gwada wannan a Ingila, ƙasar da ta fi mu iska nesa ba kusa ba. Tsakanin 2007 da 2008 an bi diddigin injina 26 da aka kafa a jikin gine-gine, a wani gwaji da aka yi wa laƙabi da sunan garin Warwick. Sakamakon ya nuna cewa a matsakaici abin da suka samar ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da lambar da ke jikinsu. Waɗanda suka taɓuka wani abu su ne na saman dogayen benaye, su ma an riƙa kashe wasu saboda ƙarar da ke damun mazauna.

A ƙauyukanmu akwai ƙarin matsala. Injin na girgiza muddin yana juyawa. Katangar jar ƙasa da soron azara ba a gina su don ɗaukar girgiza ba, kwanon da aka buga a kan katako kuwa sai ya zama ganga. Tsagewar da girgiza ta buɗe da rani, ruwan damina ne zai ƙarasa ta.

Darasin Lambar Rimi

Ba sai an je Turai ba kafin a ga abin da ke kashe aikin iska. Maƙwabciyarmu Katsina na da tashar Lambar Rimi, wadda ita ce babbar tashar lantarkin iska ta farko a Najeriya. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ne ya faro maganarta a 2005 yana gwamna, Gwamnatin Tarayya ta karɓi aikin bayan ya zama shugaban ƙasa a 2007. An tsara kafa injina 37 na kamfanin Vergnet na Faransa, kowane mai ƙarfin kilowatt 275, a kan turaka masu tsayin mita 55, jimilla kimanin megawatt 10.

A Disambar 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin, Francis Collomp, a garin Rimi. Ya kuɓuta a Nuwambar 2013, amma aikin ya tsaya cak na tsawon lokaci. Kayan da aka shigo da su suka zauna a rana da ƙura, wasu suka lalace, wasu aka sace. An sha sanya ranar ƙaddamarwa ana ɗagawa. Kusan shekara 20 da faro maganar, kalmar da ake yawan ji a kan tashar ita ce farfaɗowa.

Abu biyu magidanci zai ɗauka daga nan. Na farko, ko injiniyoyin da suka zaɓi buɗaɗɗen fili sai da suka hau mita 55 kafin su sami iskar da suke nema. Na biyu, injin iska abu ne mai motsi, kuma duk abu mai motsi yana son mai gyara da kayan gyara a kusa. Idan gwamnati da kuɗinta ta kasa riƙe nata, mutumin da ya sayi nasa ta intanet, babu shago, babu garanti, wa zai kira ranar da kwantirola ta ƙone?

Akwai dabara guda a injinan Lambar Rimi da ta cancanci koyi. An ƙera su ne yadda za a iya kwantar da turken ƙasa idan babbar guguwa na tafe ko za a yi gyara. Duk wanda zai kafa ƙaramin injin a ƙasar da hadari ke tasowa cikin minti goma, ya nemi irin wannan tsari.

Inda ƙananan injina suka yi nasara

Kada a ɗauka cewa fasahar ce ba ta da amfani. A yankin Mongoliya ta Ciki da ke ƙasar Sin, makiyaya sun kafa ƙananan injinan iska sama da 100,000 daga shekarun 1980 zuwa ƙarshen 1990, suna kunna fitilu da rediyo da talabijin a bukkokinsu. Amma ƙasarsu fili ce fetal babu bishiya, iska mai ƙarfi ce, a can ake ƙera injinan, gwamnati ta sa tallafi, kuma an buɗe wuraren gyara a gundumomi.

A Scoraig da ke gaɓar tekun Scotland, wani mutum mai suna Hugh Piggott ya shafe shekaru yana koya wa mutane sassaƙa fukafukai da katako da naɗa wayar injin da hannu. Tsarinsa ya yaɗu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Latin Amurka, kuma ƙarfinsa shi ne cewa wanda ya ƙera zai iya gyarawa.

Matasanmu da yawa sun san labarin William Kamkwamba na Malawi, wanda yana ɗan shekara 14 ya haɗa injin iska da tarkacen keke da bututun roba, labarin da aka mayar littafi a 2009 da fim a 2019. Abin koyi ne ƙwarai. Amma injinsa na farko ƙwan fitila huɗu da rediyo ya kunna, kuma da tallafi ya zo daga baya, famfon da ya ba ƙauyensu ruwan sha da sola yake aiki.

A gida ma an gwada. Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato ta taɓa kafa injin mai kilowatt 5 a ƙauyen Sayya Gidan Gada. Irin waɗannan gwaje-gwaje ba su yaɗu ba, kuma tun daga lokacin farashin sola ya faɗi ƙasa warwas a duniya.

Sola ko iska?

Mu auna bukatar gida na ƙauye. Ƙwan fitila huɗu masu watt 5 na awa biyar, cajin waya huɗu, fanka mai cin watt 20 na awa takwas, da ƙaramin talabijin na awa huɗu. Gaba ɗaya kusan rabin yunit ne a rana, irin yunit ɗin da mita ke ƙirgawa.

Injin iskan nan mai lambar watt 400, ko da zai sami iskar mita 4 dare da rana ba tsayawa, watt 15 sau awa 24 bai kai kashi biyu cikin biyar na yunit ba. Faifan sola guda mai watt 100, a ranar Kano, yana ba da kusan hakan ko fiye a yawancin kwanakin shekara. Ba ya juyawa, ba ya ƙara, ba ya son turke, gyaransa shi ne a goge masa ƙura. Idan ya samu matsala, akwai masu gyara a Sabon Gari da kusan kowace hedikwatar ƙaramar hukuma.

Manyan ayyukan da aka yi a Kano ma can suka karkata. Jami'ar Bayero ta samu tashar sola mai megawatt 7.1 a 2019, an kuma ƙaddamar da wata mai megawatt 10 a Kumbotso a Janairun 2023. Shirin DARES na dala miliyan 750 da Bankin Duniya ya amince da shi a Disambar 2023, wanda Hukumar Samar da Lantarki a Karkara ke gudanarwa, shi ma kan sola ya fi dogara.

To ina gurbin iska? Tana da shi a matsayin mataimakiya, a wurare na musamman. Bakin manyan madatsun ruwa irin su Tomas da Gari da Watari, inda iska ke ratso ruwa babu abin da ya tare ta, wurare ne da suka cancanci a auna. Haka kan tudu ko buɗaɗɗen filin makaranta. A irin waɗannan wurare, asibitin ƙauye ko makarantar kwana ko ƙungiyar manoman rani na iya haɗa babban injin a kan dogon turke da sola, ta yadda idan hazo ya rufe rana da hunturu, iska ta cike giɓin. Kuɗin turke ɗaya da mutum 30 suka raba ya fi sauƙi a kan wanda mutum ɗaya ya ɗauka.

Akwai kuma tsohon injin iska mai fukafukai da yawa wanda ke ɗago ruwa daga rijiya kai-tsaye. Shi yana tashi da iska mai rauni, kuma tanki ne ma'ajiyarsa, ba ya son batir.

Kafin ka biya kuɗi

Idan duk da haka kana da niyya, ga abubuwan da za su tsare maka dukiya.

Ka fara da taswirar iska ta duniya, Global Wind Atlas, wadda Bankin Duniya da wata jami'ar fasaha ta Denmark suka samar. Kyauta ce, tana buɗewa a waya. Ka nemo ƙauyenku, ka duba gudun iska a tsayin mita 10, kada ka tsaya a na mita 100 da ke fara bayyana. Idan bai kai mita 4 da rabi zuwa 5 ba, ka haƙura.

Taswira ƙiyasi ce, don haka idan kuɗin da za a kashe mai yawa ne, a ɗaura na'urar auna iska a tsayin da ake son kafa injin, a bar ta ta ga hunturu da damina da kaka.

Ka tambayi mai sayarwa faɗin fukafukan, da gudun iskar da aka auna lambar a kai, da abin da injin ke bayarwa a mita 4 da mita 5. Wanda ya kasa amsa waɗannan, bai san abin da yake sayarwa ba.

Ka tambayi birki. Injin iska ba kamar sola ba ne da za a cire waya a bar shi. Idan batir ya cika ko waya ta tsinke ana iska, sai ya yi ta gudu har ya tarwatse. Dole ne kwantirolarsa ta kasance mai karkatar da rarar wuta, kuma ya kasance yana kauce wa iska da kansa idan ta yi yawa. Kwantirolar sola ba ta yin wannan aiki.

Ka haɗa kuɗin turke da kankare da waya da batir kafin ka kwatanta da sola. Sannan ka nemi ganin wani injin irinsa da ya shekara biyu yana aiki a wuri mai kama da naka. Gani ya kori ji.

Abin da ya rage ga hukumomi

Gyaran tsarin mulki na Maris ɗin 2023 da Dokar Lantarki da aka sa wa hannu a Yunin shekarar sun ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu. Abu mafi araha da Kano za ta iya yi a fannin iska shi ne ta kafa turakan awo a 'yan wurare na arewacin jihar, ta wallafa sakamakon da Hausa kowa ya gani. Akwai inda za a ɗora aikin: Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako da ke Dambatta, da Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya da ke Bichi, da Jami'ar Bayero, da ta Aliko Dangote da ke Wudil. Ɗaliban da ke ƙera fanka a matsayin aikin kammala karatu, a ba su na'urar awo tare da ƙarfen.

Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ita ma tana da aiki, domin injin da aka rubuta masa ƙarfin da ilimin kimiyya ya ce ba zai yiwu ba, jabu ne kamar kowane jabu.

Idan awo ya nuna akwai wuraren da iska ta isa, Kano ba ta rasa hannu ba. Masu walda da 'yan ƙarfen Ƙofar Ruwa da masu naɗin koyil ɗin janareta za su iya ƙera injin da za a gyara a gida, kuma irin wannan ne kawai ke daɗewa.

Kafin a kai nan, magidancin da ke zaune tsakanin tsamiya da darbejiya, wanda kuɗinsa na abu ɗaya ne kacal, ya sa su a faifan sola da batir mai kyau. Ya bar bishiyoyinsa a tsaye, domin aikin da suke yi masa a gona ya fi watt 15.